Yadda Kwamfuta Ke Auna Hayaƙin Tabar da Wani Ya Sha

Akwai wata dabara da magidanta masu shan taba da yawa suka ɗauka kariya ce ga iyalinsu. Mutum yakan dakata sai yara sun yi barci, sa'an nan ya zauna a falo ya kunna sigarinsa, ya ɗan buɗe taga, in ya gama ya kaɗe toka ya rufe. Kafin gari ya waye ba a ganin komai a ɗakin. Warin ma sai baƙo ne zai ji shi, domin hancin mutanen gida ya riga ya saba. To, shin hayaƙin nan ya fita ne da gaske, ko kuwa ido ne kawai ya daina ganinsa? Shekaru da yawa ba a da amsar wannan tambaya sai ta fatar baki, mai sha ya ce ya fita, matarsa ta ce bai fita ba. Yanzu kuwa akwai na'urar da za a ajiye a kan tebur ta kwana tana ƙidaya, da safe a haɗa ta da kwamfuta ta zana abin da ya faru a ɗakin minti bayan minti.

Kafin a kai ga na'urar, ya kamata a san abin da ake aunawa. Hayaƙin da ke cika ɗaki iri biyu ne. Akwai wanda mashayi ya zuƙa ya fesar, akwai kuma wanda ke tashi daga bakin karan sigarin yayin da yake ci shi kaɗai a tsakanin yatsu. Wannan na biyun shi ne mafi yawa a iskar ɗaki, kuma bai bi ta cikin audugar da ke gindin sigari ba. Bugu da ƙari, wutar da ke cinsa ba ta kai zafin wutar lokacin zuƙa ba, saboda haka ƙunar ba ta kammala, sai wasu gubobin su fi yawa a cikinsa. An gano sinadarai fiye da 7,000 a hayaƙin taba, kimanin 70 daga cikinsu suna haddasa ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 1 ke mutuwa kowace shekara saboda shaƙar hayaƙin tabar da ba su suka kunna ba.

Ba a wayi gari an san haka ba. A shekarar 1981 ne wani likita ɗan Japan, Takeshi Hirayama, ya wallafa sakamakon bibiyar mata 91,540 waɗanda ba sa shan taba, inda ya nuna cewa matan da mazansu ke sha sun fi sauran kamuwa da ciwon dajin huhu. Shekara guda kafin wannan, watau a 1980, wasu masana biyu a Amurka, James Repace da Alfred Lowrey, sun yi wani aiki wanda shi ne tushen duk abin da za a bayyana a nan. Sun ɗauki wata na'urar hannu suka zaga gidajen abinci da mashaya da wuraren wasanni a yankin birnin Washinton. A cikin na'urar akwai wani ɗan ƙanƙanin dutse mai karkarwa idan an sa masa lantarki. Duk lokacin da ɓurɓushin hayaƙi ya manne masa sai ya ƙara nauyi, karkarwarsa ta ragu, daga nan a lissafa nauyin abin da ya manne. Suka tarar iskar wuraren da ake shan taba ta ninka iskar waje ƙazanta sau da dama. Abin lura shi ne ba su tsaya a awo kaɗai ba, sai da suka tsara lissafin da zai faɗi yawan hayaƙin ɗaki idan an san girmansa, da yawan masu sha, da yadda iska ke shiga da fita. Wannan lissafi shi ne daga baya aka zuba wa kwamfuta.

Abin da ake ƙidayawa

Ba zai yiwu a auna sinadarai 7,000 ɗaya bayan ɗaya ba, don haka akan zaɓi wakili. Wakilin da aka fi amfani da shi shi ne ƙananan ɓurɓushin da ke shawagi a iska, wanda masana ke yi wa laƙabi da PM2.5. Ma'anar lambar ita ce ɓurɓushin da kaurinsa bai wuce maikiromita 2.5 ba. Maikiromita kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Silin gashin mutum yakan kai kaurin maikiromita 50 zuwa 70, ke nan sai an jera irin wannan ɓurɓushi fiye da 20 kafin a cike faɗin gashi guda. Na hayaƙin taba ya ma fi haka ƙanƙanta, yawancinsa bai kai maikiromita 1 ba. Ƙanƙantar nan ita ce masifarsa: gashin hanci da majina ba sa tare shi, yakan zarce har can ƙarshen huhu inda iska ke haɗuwa da jini.

Ana faɗin yawansa da maikirogiram a cikin kowace mita kubik ta iska, watau a cikin akwatin iska mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, tsayin mita 1. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2005, bai kamata matsakaicin awon yini guda ya wuce 25 ba. A 2021 ta sauke wannan iyaka zuwa 15. Yana da kyau mai karatu ya riƙe lambobin nan biyu, domin da su za a gwada duk sauran da za su biyo baya.

Yawancin na'urorin yau ba sa amfani da dutse mai karkarwa, da haske suke aiki. Duk wanda ya taɓa ganin hasken rana ya ratso ta ƙofar zaure ya ga ƙura na yawo a cikinsa ya riga ya fahimci hikimar. Wani ƙaramin famfo ko fanka yakan zuƙo iska ya ratsa da ita ta gaban siririn hasken leza. Kowane ɓurɓushi ya gifta sai ya watsa ɗan haske, wani idon lantarki da ke gefe ya kama walƙiyar. Wasu na'urorin, irin su SidePak, jimillar hasken da aka watsa suke aunawa. Wasu kuma, irin su Dylos, walƙiyar suke ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, su raba ta gida biyu, manya da ƙanana. A nan aikin ƙarfe da gilashi ya ƙare. Abin da na'ura ta tara tulin lambobi ne kawai, 1,440 a yini guda idan tana rubutawa kowane minti, fiye da 10,000 a mako. Ba mahalukin da zai zura wa wannan ido ya fahimci wani abu. Daga nan sai manhaja, watau jerin umarnin da aka rubuta wa kwamfuta ta bi.

Aikin manhaja

Abu na farko shi ne gyaran awo, kuma a nan ne mai gaggawa yakan yi tuntuɓe. Na'urar SidePak daga masana'anta da wata ƙurar gwaji ake saita ta, wadda aka samo daga jihar Arizona ta Amurka. Ƙurar ƙasa kuwa ta fi hayaƙin taba girma da nauyi, kuma ba iri ɗaya suke watsa haske ba. Idan aka shigar da na'urar cikin hayaƙi sai ta faɗi lambar da ta ninka gaskiya kusan sau uku. Masu bincike sun gano haka ta hanyar ajiye ta gefe da gefe da matatar takarda, suka auna nauyin abin da matatar ta kama a kan sikeli mai tsananin daidaito, suka gwada da abin da na'ura ta ce. Daga nan aka samu lambar gyara, wadda da yawa daga cikin bincike suka ɗauka a kan 0.32. Ke nan in na'ura ta nuna 900, manhaja za ta ninka da 0.32, ta rubuta 288. Wanda ya manta da wannan mataki zai tsorata mutane da lambar ƙarya, kamfanonin taba kuwa ba abin da suke jira kamar irin wannan kuskure.

Bayan gyara sai zane. Manhaja takan shimfiɗa lokaci daga hagu zuwa dama, yawan ɓurɓushi daga ƙasa zuwa sama, ta ja layi guda a kwance a daidai iyakar Hukumar Lafiya. Zanen gidan da ba a shan taba yakan yi kama da fili mai 'yan tuddai a lokacin girki. Na gidan mashayi kuwa kamar haƙoran zarto yake. Layin yakan miƙe tsaye cikin mintuna kaɗan idan an kunna sigari, sa'an nan ya riƙa gangarowa a hankali, kafin ya kai ƙasa an sake kunna wani.

Gangarowar nan tana da ƙa'ida, kuma ɗalibin sakandare zai iya lissafa ta da biro da takarda. A ɗauki ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 4, tsayin mita 3. Iskar da ke cikinsa mita kubik 48 ke nan. Karan sigari guda yakan saki ɓurɓushi kimanin miligiram 10 zuwa 14. A ɗauka 12 ne, watau maikirogiram 12,000. In aka raba 12,000 gida 48 za a samu 250. Kara ɗaya tak ya kai ɗakin 250, alhali iyakar yini 15 ce. Yanzu a ɗauka iskar da ke shigowa cikin awa guda ta kai yawan iskar ɗakin baki ɗaya. Mutum zai zaci bayan awa guda hayaƙi ya ƙare, amma ba haka abin yake ba, domin sabuwar iska ba korar tsohuwa take yi kamar makiyayi da garke ba, gauraya take yi da ita, kamar mai ƙara ruwa a kwanon shuni yana zubar da wanda ya tumbatsa. Abin da ke faruwa shi ne hayaƙin yakan ragu da rabi duk bayan kimanin minti 42. Daga 250 ya koma 125, sa'an nan 62, sai 31, sai 16. Rabi huɗu ke nan, kusan awa uku. In kuwa an rufe tagogi saboda sanyi har shigar iska ta ragu da rabi, lokacin zai ninka ya doshi awa shida. Yaron da ya fito falo da asuba zai tarar da rabonsa yana jiransa.

Ba a takarda kaɗai lissafin ya tsaya ba. A 2014 Sean Semple da wani abokin aikinsa a Sikotiland sun wallafa nazarin awon da aka yi a gidaje 103 na masu shan taba. Suka tarar a tsaka-tsaki hayaƙi na raguwa da rabi cikin minti 55, kuma yakan ɗauki minti 160 kafin ya sauko ƙasa da 25. A wasu gidajen ya fi haka daɗewa nesa ba kusa ba.

Irin wannan lissafi ne ke cikin manhajojin da ke hasashen tafiyar iska a cikin gini, kamar CONTAM wadda cibiyar ma'aunai ta gwamnatin Amurka ta samar. Akan zana mata fasalin gida, a faɗa mata girman ɗakuna da wuraren ƙofofi da tagogi, har da ratar da ke ƙarƙashin ƙofa, sa'an nan a ce an kunna sigari a falo. Sai ta lissafa nawa zai isa ɗakin barci, kuma da ƙarfe nawa. Amfanin wannan ya bayyana lokacin da kamfanonin taba suka dage cewa ba sai an hana sha a gidajen abinci ba, a ware wa masu sha ɓangarensu kawai, a ƙara fankokin zuƙe iska. Da aka zuba lambobi sai aka ga iskar da za ta share gubar har ta daina cutarwa ta wuce abin da mutum zai iya zama a cikinta ya ci abinci. A 2005 ƙungiyar injiniyoyin sanyaya ɗakuna ta Amurka da kanta ta bayyana cewa hanya ɗaya ta kawar da haɗarin a cikin gini ita ce hana shan.

Daga mashaya zuwa majalisa

Inda awon nan ya fi yin tasiri shi ne fagen doka. Ƙasar Ailan ce ta fara hana shan taba a dukkan wuraren aiki na ƙasa baki ɗaya, ranar 29 ga Maris, 2004. Sikotiland ta bi sahu ranar 26 ga Maris, 2006. Kafin dokar ta fara aiki, masu bincike sun saka SidePak cikin jakar goyo suka shiga mashaya 41 a biranen Abadin da Edinbara, suka zauna kamar sauran jama'a. Matsakaicin awon ya kai 246. Watanni biyu bayan dokar suka koma, suka samu 20. Wani bincike na dabam da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa masu kwanciya asibiti saboda bugun zuciya a ƙasar sun ragu da kashi 17 cikin 100 a watannin da suka biyo bayan dokar.

A shekarar 2008 ɗin dai aka wallafa awon da aka yi da na'ura iri ɗaya a wurare 1,822 cikin ƙasashe 32. Siriya ta zo da 372, Romaniya 366, Labanon 346, yayin da Ailan ke da 22. A Afirka ta Yamma ma an gwada. Binciken da aka wallafa a 2011 game da wuraren shaƙatawa a Gana ya sami 553 a inda ake shan taba, 16 a inda ba a sha. Masu hidima a irin waɗannan wurare, waɗanda yawancinsu ba sa shan taba, cikin wannan iska suke yini. Najeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta taƙaita shan taba a 2005, ta kuma kafa dokarta a 2015, sai dai dokar ta bar ƙofar ware wurin masu sha a wasu gine-gine, abin da lambobin da aka ambata ba su goyi bayansa ba.

Gida kuwa ba a shigarsa da doka

Sauran aiki yana cikin gidaje, inda yara ƙanana suke, su da huhunsu bai gama ƙwari ba, kuma suka fi manya saurin numfashi. Hayaƙin taba na jawo musu ciwon kunne da ciwon haƙarƙari, yana tayar da asma, yana kuma cikin abubuwan da ke haddasa mutuwar jarirai farat ɗaya a cikin barci. Sai masu bincike suka yi tunanin cewa in iyaye suka ga zanen iskar gidansu da idonsu, wataƙila su canja. A Sikotiland aka rubuta wata manhaja mai suna AFRESH domin wannan. Ma'aikaciyar lafiya takan bar Dylos a falo na 'yan kwanaki, ta dawo ta haɗa ta da kwamfuta, manhajar ta juya ƙidayar zuwa nauyi, ta fitar da zane mai sauƙin fahimta, da matsakaicin awo, da yawan lokacin da iskar gidan ta haura iyaka.

Nan take wata matsala ta taso. Uwa za ta dubi tsinin da ke kan zanen ta ce ai wannan lokacin suya take yi, kuma mai yiwuwa gaskiyarta ne, domin hasken leza bai san sigari ba, ɓurɓushi kawai ya sani. Sai aka koya wa manhaja bambancewa. Tun da Dylos na ƙirga manya dabam ƙanana dabam, aka lura cewa hayaƙin taba kusan duk ƙanana ne, manyan ba su kai kashi 2 cikin 100 ba, alhali shara da kaɗe shimfiɗa da suya sukan tayar da manya da yawa. Aka haɗa wannan da siffar zanen, watau tashi da sauri da sauka a hankali. Da waɗannan alamomi manhaja ke tace abin da ba taba ba. Ba ta kuɓuta daga kuskure ba. In ana son hujjar da ba gardama, sai a rataye wata 'yar matata mai kama sinadarin nikotin, wanda ba ya fitowa daga itace ko mai, ko kuma a gwada yawun yaro a nemi kotinin, abin da jiki ke juya nikotin zuwa gare shi. Amma waɗannan sai an kai ɗakin gwaji, kuma ba sa faɗin ƙarfe nawa aka kunna.

To, shin ganin zanen ya sa mutane sun daina? A nan ya wajaba a faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa masu son na'ura daɗi ba. Gwajin farko na ƙananan gidaje ya ba da ƙwarin gwiwa, iyaye mata da yawa sun girgiza da abin da suka gani. Amma da aka faɗaɗa gwajin zuwa mata fiye da 100 a Sikotiland, sakamakon da ya fito a 2018 bai nuna iskar gidajen ta gyaru ba. Mafi girman gwajin shi ne na birnin Daka a Bangaladash, wanda aka wallafa a 2021. An ɗauki masallatai 45 da gidaje 1,801. A wasu masallatan limamai suka yi wa'azi a kan illar hayaƙin ga iyali, a wasu aka haɗa wa'azin da sakamakon awon gida, wasu kuma aka bar su yadda suke. Bayan watanni 12 aka auna, ba a sami wani bambancin kirki a tsakaninsu ba. Dalilan ba boyayyu ba ne ga mai tunani. Nikotin kamu yake yi, sanin illa ba ya sakin wanda ya kama. Matar da aka nuna wa zanen sau da yawa ba ita ke da ikon cewa maigida ko baƙonsa ya fita waje ba. Mai ɗaki ɗaya a saman bene da jariri a hannu ba ta da wajen da za ta fita. Ga kuma iskar Daka da kanta, wadda ƙazantarta ke iya binne ɗan canjin da aka samu a cikin gida.

Wannan batu na ƙarshe ya shafi duk wanda zai gwada irin wannan awo a ƙasar Hausa. A lokacin hunturu ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara takan ɗaga awon waje ya wuce iyaka tun kafin kowa ya ƙyasta ashana. Ita ƙura da sauƙi, tun da manyan ɓurɓushi sun yi yawa a cikinta, manhaja za ta iya gane ta. Masu wuyar su ne 'yan'uwan sigari a wajen ƙuna: hayaƙin itacen girki, da na janareta, da turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa, domin duk ƙananan ɓurɓushi suke saki. Wani bincike na 2003 ya nuna cewa maganin sauro guda na nannaɗe, in ya ci har ƙarshe, yakan saki ɓurɓushin da ya kai na karan sigari 75 zuwa 137. Ƙa'idar da aka tsara a gidajen Abadin, inda da gas ko lantarki ake girki, ba za ta yi aiki a Kano ko Maraɗi ba sai an sake gwada ta. Makarantar da ta sami ɗaya daga cikin ƙananan na'urorin awo na zamani, waɗanda kuɗinsu ya sauko ƙwarai, za ta iya fara wannan aiki da kanta: na'ura ɗaya a ciki, ɗaya a waje domin a cire abin da iska ta kawo, sa'an nan ɗalibi guda da littafi yana rubuta ƙarfe nawa aka hura wuta, ƙarfe nawa aka sa turare, ƙarfe nawa aka yi shara, domin a dace kowane tsini na zanen da abin da ya haddasa shi.